Darasi: Mai neman kujerar konseye da kuɗin kwamin

'Yan'uwa masu koyon karatu, darasinmu na yau bisa kwamin ne, da mutumin da ke son jama'a su zaɓe shi konseye. Ku karanta sannu sannu. Akwai lissafi ciki, kowa ya ɗauko allonsa.

A Nijar an fara zaɓen konseye na kwamin ranar 24 ga watan Yuli 2004. Lokacin nan kwamin 265 ne cikin ƙasa. An sake zaɓe a 2011, an kuma yi a watan Disamba 2020. Jama'a ke zaɓen konseye, su kuma konseye su zaɓi magajin gari daga cikinsu. Sarakunan gargajiya suna zama majalisa tare da su, suna ba da shawara, amma ba su jefa ƙuri'a. A watan Afrilu 2024 gwamnati ta rushe majalisun kwamin, ta naɗa masu riƙo su tafiyar da aiki. Amma kwamin tana nan, lanho yana nan, kasuwa tana ci. Wanda ke da niyyar tsayawa ranar da aka koma zaɓe, yanzu ne lokacin koyo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ke hannun kwamin, da wanda ba ya hannunta

Lokacin zaɓe kun ji alkawari iri iri. Wani ya ce zai kawo kwalta har ƙofar mai gari. Wani ya ce zai rage kuɗin wutar lantarki. Mai faɗin haka, ko dai bai san aikin ba, ko kuwa ya ɗauka ku ne ba ku sani ba.

Wutar lantarki ta NIGELEC ce. Hukumar ƙasa ke yanke farashinta, konseye ba shi da baki ciki. Ku tuna watan Agusta 2023, da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar. Garuruwa da yawa sun sha duhu, kuma babu magajin garin da ya iya mai do ta. Manyan hanyoyin kwalta ma na gwamnati ne. Ruwan famfo na manyan birane irin su Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, shi ma kamfanin ƙasa ke kula da shi.

To me ya rage wa kwamin? Abu da yawa. Rumfunan kasuwa, tasha, mahauta, kwashe shara, magudanar ruwa, gyaran ƙananan hanyoyi, takardun haihuwa da na aure. A 2016 gwamnati ta miƙa wa kwamin wani sashe na aiki a fanni huɗu: lakwal, lafiya, ruwan sha, da kiyaye muhalli. Ɗan takarar kirki nan ciki yake ɗaukar alkawarinsa.

Maganar ruwa

Bari mu daɗe nan, don ruwa ne kowane gida ke saye kullum.

A karkara, dokar ruwa ta 2010 ta sa kwamin ta zama uwar shato da famfunan ƙauye. Sau da yawa kwamin ba ta riƙe su da kanta. Takan yi yarjejeniya da wani ɗan kasuwa, shi ya tada inji, ya sayar da ruwa, ya yi ƙananan gyare-gyare. Kuɗin da mata ke biya bakin famfo ana raba shi. Kashi mafi girma na mai riƙon ne, don mai, da albashin masu aiki, da ribarsa. Wani kashi a ajiye shi asusu na daban, don ranar da inji ko famfo ya mutu, ko za a ƙara bututu zuwa wata unguwa. Wani kashi kuma na kwamin ne, don sa ido bisa aikin. Masu shan ruwa ma suna da ƙungiyarsu.

Ga lissafi. Bido guda lita 25 ne. Bido 40 su ke lita 1000, wato mita ɗaya ta ruwa bisa kwantar. A misali, in ana sayar da bido dala 2, mita ɗaya ta tashi dala 80, wato tamma 400. In aka mai da bido dala 3, mita ta koma tamma 600.

Wani zai ce dala ɗaya ce kaɗai aka ƙara, ba komi. Ku duba. Gidan da ke ɗibar bido 8 kowace rana, ƙarin nan dala 8 ne a yini. Cikin kwana 30 ya zama dala 240, wato jika ɗaya da dala 40. Wata guda ke nan! Lanhon mutum guda na shekara, wanda a karkara da yawa aka san shi tamma 700, bai kai haka ba. Muna kuka da lanho sau ɗaya a shekara, alhali dalar bakin famfo ta fi shi cizo.

Saboda haka mai son zama konseye ya nemi takardar yarjejeniyar ruwa ta garinsu, ya sa a karanta masa. Nawa aka rubuta farashin mita? Shi ake biya bakin famfo? Nawa ke cikin asusun gyara, kuma su wa ke sa hannu kafin a fid da kuɗi? Garin da asusun nan ya zama wayam, ranar da inji ya tsaya sai mata su koma tafki wata da watanni, yara su kama zawo. Shato yana tsaye, ba ɗigo ko ɗaya. Wanda ya iya cewa jama'a "zan riƙa karanta muku lissafin asusun nan kowane wata uku", ya fi mai alkawarin ruwa kyauta. Ruwan kyauta ba shi sayen mai, ba shi sayen ƙarfe.

Bidje

Bidje shi ne kasafin kuɗin kwamin na shekara guda, daga Janairu zuwa Disamba. Gefe ɗaya an rubuta abin da ake sa ran zai shigo: lanho, tikitin kasuwa, na tasha, na sayar da bisashe, taimakon gwamnati ta hannun hukumar ANFICT, da na abokan arziki. Ɗaya gefen an rubuta abin da za a kashe. Shi kuma kashi biyu ne. Akwai kuɗin tafiyar da aiki, irin su albashi, man mota, takardu, kuɗin zama. Akwai kuɗin gine-gine, irin su aji, rijiya, rumfa. Inda na farko ya cinye na biyu, shekara sai ta ƙare ba a aza tubali ko ɗaya ba.

Wani misali kuma. Gari mai mutum 500 masu biyan lanho, kowa tamma 700, zai tara jika 350. In rabi kaɗai suka biya, jika 175. Aji guda na siminti kuwa miliyoyi yake ci. Kun ga ɗan takarar da ya yi wa kowane ƙauye alkawarin aji cikin shekara guda, sai a tambaye shi daga ina kuɗin za su fito. Shi ma dole ya gaya wa jama'a magana mai ɗaci: a biya lanho, a karɓi takardar shaidar biya. Wannan ba ta kawo tafi wurin taro, shi ya sa ba a cika jinta ba.

Bisa dokar kwamin ta 2010, majalisa tana da zama huɗu na ƙa'ida a shekara, kuma ƙofa a buɗe take, talaka yana iya shiga ya saurara. Konseye su ke amincewa da bidje. Magajin gari ke ba da umurnin kashe kuɗi, amma ba shi ke riƙe su ba, akwai ma'aji na daban. Parefe kuma ya duba ko an bi doka. Bayan shekara ta ƙare sai a kawo wa majalisa lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita da gaske. Takardar nan ta biyu ta fi ta farko muhimmanci, gama ta farko niyya ce kurum. Konseye da yawa sun ɗaga hannu bisa lambobin da ba su karanta ba, don an rubuta su da Faransanci, su kuwa suna jin kunyar tambaya.

Nan ne karatunku ke da rana. Lamba ba ta da yare: 700 ta Faransanci ita ce 700 ta Hausa. Kuma tun watan Maris 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar. Ɗan takara yana iya alkawarin a juya bidje da Hausa, a manna shi bakin kasuwa, a karanta shi gidan rediyon karkara. Aikin nan takarda da alƙalami kaɗai yake ci.

Mata, da ku ake. Dokar 2019 ta ce cikin kujerun zaɓe, ko maza ko mata, kada kowane ɓangare ya gaza kashi 25 cikin 100. Ku ke ɗibar ruwa, ku kuka san farashin bido da ranar da famfo ya tsaya. Mace mai riƙon littafin adashi ta riga ta san shiga da fita.

Aikin wannan mako: kowa ya rubuta farashin bido a garinsu, da yawan bidon da gidansu ke ɗiba a yini. Ya lissafa kuɗin kwana 30, sa'an nan na wata 12. Mutum biyu kuma su tafi wurin shugaban ƙungiyar masu shan ruwa, su tambayo nawa ke cikin asusun gyara, su kawo wa malam amsa a rubuce.