Darasi: Kada Ka Auna Mutum da Rana Ɗaya

A Briqueterie ta Yaoundé, kamar a Kano, akwai samari da yawa masu mafarkin buga ƙwallo a Turai. Amma yawancin waɗanda suka samu tafiya ba su zama taurari ba. Rayuwarsu ta ɗan ci-rani ce: bana a wannan ƙungiya, baɗi a wata. Yau za mu dubi mutum biyu irin waɗannan.

Na fari shi ne Sani Kaita, haifaffen Kano. Daga Kano Pillars ya tafi Sparta Rotterdam a 2005, sa'an nan Monaco, wadda ta riƙa ba da shi aro ga ƙungiyoyin Rasha. Yana cikin 'yan wasan Nijeriya da suka samo lambar azurfa a gasar Olamfik ta 2008. Amma ran 17 ga Yuni 2010, a gasar cin kofin duniya, Nijeriya tana gaban Girka da ci ɗaya, sai ya kai wa Vasilis Torosidis hauri a bakin fili. Aka ba shi jan kati. Girka ta yi nasara 2 da 1. Ya nemi gafarar 'yan ƙasa, duk da haka aka riƙa aika masa saƙonnin barazana ga ransa.

Na biyu shi ne Edwin Jackson, mai jefa ƙwallo a wasan besbol na Amurka. Aikin mai jifa shi ne ya hana mai riƙe da sanda bugun ƙwallon. Kwana takwas bayan jan katin Kaita, ran 25 ga Yuni 2010, Jackson ya yi wa ƙungiyar Arizona jifa 149, har aka tashi wasa babu ɗan Tampa Bay ko ɗaya da ya samu bugu mai amfani. Wannan bajinta ce da akasarin masu jifa ba sa yi ko sau ɗaya.

To, me ya biyo baya? Kafin Yuli ya ƙare, Arizona ta yi musayar Jackson da wasu 'yan wasa, ya koma Chicago. Ya ci gaba da yawo, har a 2019 ya zama na farko da ya yi wa ƙungiyoyi 14 wasa a babbar gasar. Kaita kuwa bai jingine takalmi ba. Ya buga a Yukren, ya buga a Enyimba ta Aba, ya kai har Finland.

Ka gani, ɗan'uwa, 'yar'uwa? Ranar yabo ba ta tabbatar wa Jackson wurin zama ba, ranar kunya kuma ba ta rufe wa Kaita hanya ba. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Abin da ya riƙe su shi ne komawa bakin aiki kashegari.

Mu kuwa mukan manta da wahalar mutum ta shekaru, mu riƙe kuskurensa na minti ɗaya. Haka muke yi wa 'ya'yanmu da maƙwabta da abokan aiki, har mai niyyar gyara ya fid da zuciya.

Tambayoyi domin tunani:
1. Wane ne kake tunawa da shi saboda laifinsa guda kaɗai?
2. Wane alherinsa ka manta?
3. Za ka je ka gaishe shi a wannan mako?