Ƙwayar Ƙarin Jini da Jijjigar Yara: Jagora ga Sababbin Zuwa Ƙasashen Waje

A Dakoro, in ƙaramin yaro ya kama jijjiga, masassarar cizon sauro ake fara zargi, musamman da damina, kuma sau da yawa zargin kan yi daidai. Iyalin da suka koma Faransa, Beljiyam ko Amurka kuwa, tambayar farko ita ce me yaron ya haɗiya, balle in jikinsa ba zafi.

Ɗaya daga cikin mafi haɗari ita ce ƙwayar ƙarin jini, irin jar ƙwayar nan da ake ba masu ciki wajen awo. A ƙasashen Turai ana sayar da dangoginta a kanti ba takardar likita, wasu ma da zaƙi da taushi kamar alawa, har yaro ɗan shekara 2 ya iya cinye rabin kwalba kafin uwa ta juyo daga madafa. Sinadarin ƙarfen da ke ciki yana cin hanji. Cikin awa 6 sai amai da zawo, wani lokaci da jini. Daga nan yaron kan miƙe ya koma wasa, iyaye su ce an samu sauƙi. A nan ake yaudaruwa, domin gubar tana can tana aiki, kuma bayan kwana 1 ko 2 hanta kan lalace, suma da jijjiga su biyo. Yawan mutuwar yara ta wannan hanya ya sa hukumar magunguna ta Amurka ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin kwalaben a 1997.

Bitamin D da ake ɗiga wa jarirai a Faransa shi ma yana cutarwa in ya wuce ƙima. Haka kafur ɗin da mata ke sawa cikin akwatin tufafi: ɗan guntu ya isa ya jawo jijjiga.

In yaro ya haɗiyi ɗaya daga cikin waɗannan, ba a ɗura masa madara, manja ko ruwan gishiri don ya yi amai. In yana jijjiga, a kwantar da shi ta gefe, kada a tura masa cokali a baki. A kira 15 a Faransa, 112 a ƙasashen Tarayyar Turai, 911 a Amurka, ko cibiyar guba ta Amurka a 1-800-222-1222. A tafi da kwalbar asibiti, a faɗi lokacin da ya sha da adadin ƙwayoyin da suka ɓace, ko da yaron yana dariya. Jakar hannun uwa ko ta baƙuwa ba wurin ajiyar magani ba ce. Wurinsa sama ne, a kulle.