Amsoshin Tambayoyinku: Jirgin Yaƙi HMS Manchester

HMS Manchester, wanda wani mai sauraro ya nemi jin tarihinsa, ɗaya ne daga jiragen ruwan yaƙi 14 samfurin Type 42 na Birtaniya. A zamaninsu, aikinsu rakiyar manyan jirage, suna kakkaɓo jiragen saman abokan gaba da makami mai linzami, Sea Dart.

Na farko-farkon, irin su HMS Birmingham, an rage musu tsawo don tsimin kuɗi, sai igiyar ruwa ta riƙa ba su wahala. Ajantina ta nutsar da biyu daga cikinsu, Sheffield da Coventry, a yaƙin Falklands na 1982. A shekarar ce Manchester ya fara aiki, tsawonsa mita 141 maimakon mita 125 na jiragen farko. Ya je yaƙin Tekun Fasha na 1991, aka jingine shi a 2011.