Patricia St. John da Labarin Yafiya

An haifi Patricia St. John a Ingila cikin 1919, ubanta mai wa'azin Kirista ne. Tana ƙarama ta shekara guda a wani ƙauye cikin duwatsun Suwizalan. Ta koyi aikin jinya a zamanin yaƙin Hitila, daga baya ta tafi Maroko, ta yi shekara 27 tana jinyar marasa lafiya. Ta rasu cikin 1993.

Da yaƙi ya ƙare, ta lura yara sun tashi da ƙiyayya a zukatansu. Saboda haka ta rubuta Treasures of the Snow, aka buga shi cikin 1950. A cikinsa wani yaro, Lucien, ya jawo ƙanen Annette ya faɗa kwazazzabo ya gurgunce. Annette ta ƙulla ramuwa, har ta karya dokin itacen da Lucien ya sassaƙa, amma ranta bai yi sanyi ba sai ran da ta yafe masa.

To, 'yan'uwa, wannan ya shafe mu. Tun rikicin 2000 kogin Kaduna ya zama iyaka, yawancin Kirista a kudu, yawancin Musulmi a arewa. Yaran Kakuri da Barnawa da za mu koyar sun gaji wannan rabuwa. Tun muna makarantar allo aka koya mana yafiya ta fi ramuwa, amma yaro ya fi riƙe abin da ya ji cikin labari. Ya kamata mu koyi ba da irinsa a aji. Allah ya taimake mu, amin.