Dahuwar Kaza da Laimar Kwaɗi Irin ta Sinawa

Tambaya: Wata mai sauraronmu daga Takur, Dutse, tana son sanin yadda Sinawa ke dafa kaza da laimar kwaɗi a tukunyar ƙasa.

Amsa: Malama, wannan girki ya shahara a lardin Guangdong na kudancin Sin. Tukunyar ƙasarmu ta gargajiya ta wadatar, domin tana riƙe zafi, nama ya yi laushi.

Ki jiƙa busasshiyar laimar kwaɗi mai suna shiitake a ruwan ɗumi na minti 30, kada ki zubar da ruwan. Ki yanka kaza ƙanana, ki cuɗa ta da soya sos, ɗanyar citta, tafarnuwa da man riɗi, wanda Jigawa ba ta rasa shi. Sinawa kan ƙara giyar shinkafa. Ki bar ta, citta za ta kashe ƙarni. Ki fara da wuta kaɗan, kada tukunya ta tsage. Ki soya kazar sama-sama, ki zuba laimar da ruwanta, ki rufe minti 25, sannan ki watsa lawashi.

Don Allah ki sayi laimar kwaɗi ta kanti kawai. Wadda ke tsirowa a daji da damina, wata gubarta na kisa.