Darasin Uwargida: Omon Waje Mai Tsada A Injin Wanki, Ko Kwalliya Na Biyan Kuɗin Sabulu?

  Darasinmu na yau a kan wanki yake. Injin wanki ya fara shiga gidaje a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, har wasu iyayen kan sa shi cikin kayan ɗakin amarya. Da zarar ya shigo gida kuwa, sai ki ji ana ce wa uwargida wai inji ba ya son omonmu na gida, sai na waje mai tsada, in ba haka ba zai lalace. To, ina gaskiyar wannan magana? Abin da za mu duba ke nan, domin kuɗin cefane amana ne a hannunki.

Me ya sa na waje ya yi tsada haka?

A watan Yuni na 2023 gwamnati ta saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar Amurka da ake canzawa wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura naira 1,500 a farkon 2024. A cikin 2023 ɗin ne kamfanin Unilever na Nijeriya ya sanar da janyewa daga harkar kayan wanki irin su Omo da Sunlight, sannan a watan Disamba kamfanin Procter & Gamble mai yin Ariel ya ce zai daina sarrafa kaya a ƙasar nan, ya koma shigo da su. Duk abin da aka sayo da dala, dala ce ke yanka masa farashi. Ki ƙara da kuɗin mota daga Legas ko Kano zuwa Gusau, daga nan zuwa garuruwanmu, ga tsadar mai, ga halin da hanyoyi ke ciki. Kin ga ashe wani kaso na kuɗin da kike biya na canji ne da sufuri, bai shafi ƙarfin wanki ba ko kaɗan.

A ɗaya ɓangaren kuma ana yin omo a cikin gida. Viva, misali, a Kano kamfanin Aspira ke yin sa, ga su Klin da Waw da Good Mama da kika saba gani a shaguna da kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis.

Abin da ke cikin omo

Kowane omo, na gida ko na waje, haɗi ne na abubuwa kaɗan. Na farko shi ne sinadarin da ke kama maiƙo da dauɗa ya raba su da zare, shi ne uban tafiya. Na biyu sinadarin da ke tausasa ruwa, dangin soda, don na farkon ya samu yin aikinsa. Na uku wasu sinadarai ne da ake kira enzayim, masu narkar da tabon jini da ƙwai da madara da kunu da miya. Na huɗu shi ne mai faranta tufafi, wanda ake samu a omon gari, ba a cika samunsa a na ruwa ba. Sauran kuwa turare ne da launi da garin da ake cika leda da shi.

Inda mai tsada ya fi shi ne yakan zo da enzayim iri-iri da mai faranta kaya, kuma ɗan kaɗan ake zubawa. Wannan gaskiya ne, ba za mu ɓoye ba. Amma ki lura da abu biyu. Enzayim ba ya son zafi da laima wajen ajiya. Kayan da suka daɗe a hanya, suka kwana a shago mai rufin kwano cikin zafin bazara na watan Afrilu, lokacin da zafi kan wuce digiri 40 a yankinmu, ƙarfinsu na raguwa. Shi kuma mai faranta kaya ya fi aiki a ruwa mai ɗumi, alhali yawancinmu da ruwan randa ko na jarka muke wanki. Ke nan kina iya biyan kuɗin abin da ba zai yi miki aiki sosai ba.

Wane irin inji gare ki?

Nan ne amsar tambayar take, 'yar'uwa. Injin wanki iri uku ne.

1. Mai tukunya biyu, ɗaya ta wanki ɗaya ta matsa. Shi ya fi yawa a gidajenmu, domin ke kike zuba masa ruwa da bokiti, kuma ƙaramin janareta ko sola na iya ɗaukarsa. Wannan ba ya zaɓen omo. Duk omon da kike wankin hannu da shi zai yi, in dai kin narkar da shi a ruwa kafin ki zuba kaya.

2. Mai buɗewa ta sama wanda ke jan ruwa da kansa. Shi ma yana karɓar omon gida, sai dai kada ki cika masa hannu.

3. Mai ƙofa a gaba, mai gilashi. Wannan kam yana da sharaɗi. Ruwa kaɗan yake sha, yana ɗaga kaya yana sako su, faɗuwar nan ita ce wankin. In kumfa ta yi yawa sai ta zama katifa, kayan su daina buguwa, kumfar ta yi ta fitowa ta wurin zuba omo, injin ya yi ta ƙara ɗauraya. Saboda haka omo mai ƙarancin kumfa yake buƙata. Ki duba jikin ledar, za ki ga hoton inji mai ƙofa a gaba ko kalmar otomatik. Abin da ake nema shi ne wannan alama, ko a ina aka yi omon. Ki sani kuma irin wannan inji yana dafa ruwa da kansa, abin da ke cin wuta wajen wat 2,000, ƙaramin janareta ba zai iya ba. In kullum a ruwan sanyi kike kunna shi, wani ɓangare na amfanin omo mai tsada ya tafi.

Kumfa ba ita ce wanki ba

Mun taso muna auna kyan omo da yawan kumfarsa, har in ba mu ga ta tashi ba sai mu ƙara hannu. Kumfa alama ce kawai, ba ita ke cire dauɗa ba. Omo in ya wuce kima yakan maƙale a zare, kaya su bushe da tauri da farin zane a jiki, jarirai da masu laushin fata su kama ƙaiƙayi. Sannan kowace ƙarin ɗauraya ruwa ne. Mai sayen ruwa wurin 'yan garuwa ta san kuɗin jarka mai lita 25, kuma cika tukunyar inji sau ɗaya na iya cin jarka biyu ko fiye. Daidai ruwa daidai tsaki: ki samu ɗan kofi ko murfi guda ki riƙa awo da shi, ki bi abin da aka rubuta a leda.

Ki san ruwan unguwarku

Ruwan rijiya da na burtsatse da na gulbi ba ɗaya ba ne, ko a gari guda yakan bambanta. Wani ruwan yana ɗauke da sinadaran ƙasa masu cin sabulu. Ga yadda za ki gane. Ki zuba ruwa rabin gora, ki kankare ɗan sabulun sanda a ciki, ki rufe ki girgiza. In kumfa ta tashi ta tsaya, ruwanku mai laushi ne, omo kaɗan ya ishe ki. In ya yi fari-fari kamar tsinkakken nono, kumfar ba ta tashi ba, to yana cin sabulu. Wata alamar ita ce farin ɓawon da ke taruwa a gindin butar shayi. Mai irin wannan ruwa ta ɗan ƙara awo. In ruwan na da laka, kamar yadda yakan zo da damina, ki bar shi ya kwana ya kwanta, ki tsiyaye na sama. Babu omon da zai faranta farar riga a cikin jan ruwa, komai tsadarsa.

Lissafin da ya kamata ki yi

Kada ki kwatanta kuɗin leda da leda, ki kwatanta kuɗin wanki ɗaya. Ga misali, ke kuma ki sa farashin da kika tarar a kasuwa. A ce kilo ɗaya na omon gida naira 3,000 ne, kina zuba giram 50, zai yi miki wanki 20, kowane wanki ya tashi naira 150. A ce kilo ɗaya na waje naira 9,000 ne, kina zuba giram 40, zai yi wanki 25, kowane ya tashi naira 360. Bambancin naira 210 ne. In kina wanki sau uku a mako, a shekara ya kusa naira 33,000. Ki tambayi kanki, hasken da kayan suka ƙara ya kai wannan kuɗi? In kina shakka, gani ya kori ji. Ki sayi ƙaramar leda, ki raba kayan makarantar yara gida biyu, ki wanke kowane kashi da omo daban, da ruwa iri ɗaya da lokaci ɗaya, ki shanya, sannan ki sa wata a gidan ta nuna wanda ya fi fita ba tare da kin gaya mata ba. Da ido za ta duba, kada ƙamshi ya yi muku alƙalanci.

Dabarun da suka fi tsadar omo amfani

Jiƙo shi ne rabin wanki. Kayan yara da na maigida da suka sha ƙurar hunturu, ki kakkaɓe su, ki jiƙa minti 30 kafin ki kunna inji. Wuyan riga da hammata da bakin hijabi, ki goga musu sabulun sanda tukuna. Tabon jini da ruwan sanyi ake fara wanke shi, ruwan zafi dafa shi yake ya zauna. Tabon manja ki shafa masa sabulu, bayan wanki ki shanya a rana, rana na cin jan. Ki ware farare daga masu launi, kuma kada ki danƙare inji, kaya na son wurin juyawa. Atamfa da kayan rini ki juya cikinsu waje, ki shanya a inuwa, ki nisanta su da omo mai faranta kaya, don yana kashe launi a hankali. Shadda mai maiƙo da leshi mai duwatsu kuwa wankin hannu ya fi musu. Kayan ulu da siliki ba sa shiri da omo mai enzayim, yana cin zarensu.

Batun tsarki

Wannan ya fi komai muhimmanci ga kayan da za a yi salla da su. A mazhabar Malikiyya da muke karantawa a Islamiyya, kamar yadda ya zo a babin ruwa na Ishmawi da Risala, ruwan da wani abu mai tsarki irin sabulu ya canza masa launi ko ɗanɗano ko ƙamshi, shi kansa mai tsarki ne, amma ba ya tsarkakewa. Najasa da ruwa zalla ake kawar da hukuncinta. Saboda haka zanen goyo da wandunan yara da duk abin da fitsari ko jini ya taɓa, ki fara wanke wurin da ruwa zalla har najasar ta gushe, sannan ki haɗa da sauran kaya. Ɗaurayar ƙarshe kuma ta zama da sabon ruwa, har ki ga yana fita garau. Kin ga omo mai yawan kumfa da turare mai naci ƙara miki aiki yake a nan. Inda wani abu ya shige miki duhu, ki tambayi malamarku. Ki tuna kuma Alƙur'ani ya yi hani ga almubazzaranci a Suratul Isra'i, aya ta 26 da 27. Sayen abu don a ce wance da na waje take wanki, alhali bai ƙara komai ba, yana kusa da wannan.

In har za ki saya

Akwai wadda ya dace ta saya: mai inji mai ƙofa a gaba da ba ta samu na gida mai ƙarancin kumfa ba, ko wadda likita ya ce ɗanta ya guji turare, ta samu marar ƙamshi a cikin na waje. In ke ce, ki kula da waɗannan. Ki duba lambar hukumar NAFDAC da ranar da aka yi shi da ranar ƙarewarsa. Ki guji wanda aka ƙulla a leda babu suna, da wanda ya dunƙule don ya sha laima, domin abu mai tsada shi aka fi yi wa jabu. Rubutun Faransanci ko Larabci a jikin leda ba shaidar inganci ba ne, musamman a yankinmu da ke kusa da iyakar Nijar, inda kaya ke shigowa ta hanyoyi da yawa. Ki zuba shi a roba mai murfi, ki ajiye a inuwa. Irin wanda ke zuwa ƙulli-ƙulli masu launi kamar alewa kuwa haɗari ne ga yara, suna ɗauka su kai baki. A gidan da ke da masu rarrafe gara a haƙura da shi. Kada kuma ki taɓa haɗa bilic da ruwan wanke masai, hayaƙin da suke fitarwa guba ne.

Ke kuma mai inji mai tukunya biyu, ki kwantar da hankalinki. Omon gida mai rajista, da awo daidai, da jiƙo, da ɗauraya mai kyau sun wadatar da ke, kuma injinki ba zai lalace saboda su ba. Abin da ke kashe shi shi ne lodi fiye da kima, da yashi da tsabar kuɗi da aka manta a aljihu, da wutar da ke hawa da sauka. Rarar kuɗin ki sa a ruwan ɗauraya, ko ki tara don littattafan yara.

Aikin gida na wannan wata: ki gwada ruwanku da gora, ki lissafa kuɗin wanki ɗaya a gidanki, ki kai sakamakon taronku na mata ku kwatanta. Allah Ya sa albarka a cikin abin da muke samu, Ya ba mu zaman lafiya a garuruwanmu, Ya tsarkake zukatanmu da tufafinmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.