Wankin Ciki Kafin a Duba Babban Hanji

Duba babban hanji da na'ura, abin da likitoci ke kira kolonoskofi, aiki ne da ake zura siririn bututu mai fitila da kyamara ta dubura, a bi hanjin mai tsawon kimanin mita ɗaya da rabi har ƙuryarsa. Ana neman ƙananan tsiro da ke fitowa a bangon hanji, waɗanda wasunsu kan rikiɗe su zama sankara bayan shekara goma ko fiye. In an gan su da wuri, nan take ake tsinke su. Dalilin ke nan da ake gangamin faɗakarwa kan sankarar hanji a watan Maris na kowace shekara. Sai dai kyamara ba ta ganin abin da bayan gida ya lulluɓe, kuma a asibitoci da dama mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar yakan zo da cikin da bai wanku ba.

Tun 1980, lokacin da aka fito da shi a Amurka, maganin wankin ciki da aka saba bayarwa shi ne ruwan PEG har lita 4. Yana wanki sosai, amma ga gishiri-gishiri, ga tashin zuciya, mutane da yawa ba sa kai wa ƙarshen jarkar. Don haka ake komawa ga masu ƙaramin awo: MoviPrep lita 2, wanda aka haɗa da bitamin C, da Plenvu lita 1, da kuma Picolax, ƙulli biyu da ake dama kowanne a ruwa mililita 150. Gwaje-gwajen asibiti sun nuna cewa ga yawancin mutane wankinsu ya yi kusa da na lita 4, kuma an fi shanye su. Likitoci na auna tsabtar da ma'aunin Boston: a raba hanji gida uku, kowane gida a ba shi maki daga 0 zuwa 3, kuma ana son kowane gida ya sami aƙalla 2.

Babban haɗarin yana wurin da mutum zai ga ƙaramar kwalba ya ɗauka shi ke nan an sauƙaƙa masa shan ruwa. Abin da aka rage shi ne mai gishirin kawai, ruwan da za a kora da shi yana nan daram. Mai shan MoviPrep sai ya ƙara lita guda ta ruwa, mai shan Plenvu rabin lita bayan kowane kashi, mai shan Picolax kuwa kofi bayan kofi muddin cikin na aiki. Misalinsa kamar uwargida ce da ke zargin randarta ta tsage. Ba za ta ga tsagar ba sai ta kwashe lakar da ta kwanta a gindi. In aka kawo mata sabulu mai ƙarfi wanda ɗan kaɗan ya isa, ba za ta ce to bari ta rage ruwan ɗauraya ba, domin sabulu saki yake yi, ruwa ke kwashewa. In ta yi rowar ruwa, kumfa da laka za su cuɗe su shafe bangon, ta leƙa da fitila ta ce randa lafiya lau, alhali tana yoyo ta ƙarƙashi. Haka likita kan leƙa hanji mai dauɗa ya wuce tsiro bai gani ba. Ga shi kuma waɗannan magunguna daga jiki suke jawo ruwa zuwa hanji, wanda bai mayar ba sai jiri da bushewar jiki, musamman a zafin bazara, har ƙoda ta taɓu.

Na biyu da ake wa sakaci shi ne kashin safe. Ƙa'ida ita ce a raba maganin biyu, rabi da yamma, rabi da safiyar ranar. Ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Turai, a ƙa'idojinta na 2019, ta ce a fara kashi na ƙarshe cikin awa 5 kafin aikin, a gama da saura awa 2. Dalili shi ne ƙaramin hanji ba ya barci: cikin dare yana ta zubo majina da ruwan matsarmama a ɓangaren dama na babban hanji, inda tsiro masu shimfiɗe suka fi ɓuya. Wanda ya saba tashi sallar asuba ba shi da hujjar cewa sammako ya yi masa wuya. Wanda kuwa ya tuttular da ragowar a makwarara, sannan ya ce wa ma'aikaciyar jinya ya shanye, ya haɗa ƙarya da cin amanar jikin da Allah ya ba shi, kuma kuɗin asibiti da wahalar zawo sai ya sake su daga farko.

Sauran ƙa'idojin ba su da wuya. Ana gobe aiki a bar wake, ganye, gyaɗa da duk abin da ke da dusa ko 'ya'ya. Fura, nono da kunu ba sa cikin ruwan da ake nufi, zoɓo kuma jansa kan yi kama da jini a kyamara. Maganin ƙarin jini a dakatar da shi kamar mako guda bisa shawarar likita. Mai ciwon ƙoda, zuciya ko sukari ya faɗa tun kafin a rubuta masa magani, haka ma mai ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma, domin masu bitamin C ba su dace da shi ba. Mai yawan taurin bayan gida sau da yawa lita 4 ɗin ake mayar da shi. Alamar ciki ya wanku ita ce abin da ke fita ya koma ruwa tsararo mai ɗan rawaya, babu gudaji. In har safiya yana fita da duhu, a sanar da asibiti kafin a shiga ɗakin aiki.